Yadda za ka lissafa ruwan da gonarka ta rani ke sha

Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi kafin ya shiga Jihar Kebbi ya haɗe da Gulbin Sakkwato. Da zarar damina ta ɗauke sai ruwansa ya fara ja, alhali injinan ban ruwa suna ta ƙaruwa a bakinsa. Manomin da bai san ruwan da gonarsa ke buƙata ba, ko dai ya ƙona mai a banza, ko ya bar shuka da ƙishi tana tsakiyar fure. Ga yadda ake lissafin.

Ma'aunin da za ka riƙe

Ana auna ruwan gona da milimita, kamar ruwan sama. Milimita 1 a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita 1 ce. A hekta guda kuwa lita 10,000 ke nan, wato durom 50 mai cin lita 200.

Abin da rana da iska ke kwashewa

Ruwan gona yana tafiya ta hanya biyu: wanda ke bushewa daga ƙasa, da wanda shuka ke fitarwa ta ganye. Sami rabin durom, ka zuba ruwa, ka ajiye a fili inda dabbobi ba za su sha ba. Kowace safiya ka sa rula ka ga milimita nawa ya ragu, sai ka ɗauki kashi 7 cikin 10. Idan ya ragu da milimita 9, to wajen milimita 6 ke nan. Za ka ga adadin ya haura a Maris da Afrilu, lokacin bazara.

Kowace shuka da cikinta

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da adadin da ake ninka wannan lissafi da shi. Idan shuka ta rufe ƙasa: tumatir da alkama 1.15, albasa 1.05, masara da shinkafa 1.2. Tumatir sabon dashe kuwa 0.6 ne kawai. Ka ga ke nan ruwan da za ka ba shi yana ƙarami kusan rabin na lokacin fure ne.

Misali, kana da kwatan hekta na tumatir, mita 50 a kan mita 50. Ninka 6 da 1.15, ya ba ka kusan milimita 7. Ninka 7 da 2,500, lita 17,500 ke nan a rana. Amma fa a ban ruwan kwari da fangali, wajen kashi 6 cikin 10 ne ke kai wa saiwa, sauran yana zurarewa a hanya ko ya nutse. Don haka sai ka ɗebo kusan lita 29,000.

Ƙasa ce ke faɗin ranar ban ruwa

Shuka ke faɗin yawan ruwa, ƙasa ke faɗin kwana nawa za ka tsallake. Jigawa mai yashi ba ta riƙe ko rabin abin da lakar fadama ke riƙewa. A yashi, tumatir mai shan milimita 7 zai nemi ruwa bayan kwana biyu, a laka yana iya kai kwana biyar. Idan ka tula wa yashi ruwan kwana biyar, zai wuce saiwa ya tafi da takinka. Kafin ka tada inji, ka tona kamar taƙi ɗaya, ka damƙi ƙasar. Idan ta dunƙule, da sauran danshi. Idan ta warwatse, lokaci ya yi.

Auna injinka

Sa bakin tiyo a durom, ka duba agogon waya. Idan ya cika cikin daƙiƙa 40, injinka na ba da lita 5 a daƙiƙa, wato lita 18,000 a awa. Ruwan kwana uku na gonar nan, lita 87,000, zai ɗauke ka kusan awa biyar. Abin da ya wuce haka asarar mai ce.

Aikin ƙungiya

Ruwan da na sama ya zubar, na ƙasa ne ke rasa shi. Abin da aka ɗiba a wajen Anka ko Zugu, manomin Gummi zai ji a jikinsa. Rijiyoyin fadama ma da gulbin uwarsu ɗaya, in aka matsa musu tare suke ja. Saboda haka sakataren ƙungiya ya buɗe littafi: faɗin gonar kowa, abin da ya shuka, ranar dashe, da awannin injinsa. Da wannan za ku san watan da buƙata ta fi yawa, ku raba ranakun ban ruwa, ku kuma daidaita yawan shinkafar da za a sa, domin ita ce ta fi jan ruwa saboda wanda ke kwance a fangali yana nutsewa. Littafin nan ne kuma hujjarku idan kun je gaban Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ko malaman gona neman taimako.

A fara awon tun watan Nuwamba, kafin a yi dashe.