Katin Shaida da 'Yancin Ɗan Ƙasa: Tarihin Wata Gardama a Birtaniya

Abin da wannan maƙala ta ƙudurta shi ne bin diddigin wata gardama da aka daɗe ana tafkawa a Birtaniya, watau ko ya halatta hukuma ta tilasta wa kowane ɗan ƙasa riƙe katin shaida, ta kuma ba ɗan sanda ikon ya tare shi ya ce ya nuna. A ƙasashe da dama na Turai ba a ɗauki wannan a bakin komai ba, amma Birtaniya sau biyu tana kafa irin wannan kati daga 1939 zuwa yau, sau biyu kuma tana rushe shi.

Asalin katin yaƙi ne. A ranar 5 ga Satumba 1939, kwana biyu bayan shiga yaƙi da Jamus, aka zartar da dokar rajistar jama'a, ranar 29 ga watan kuma aka bi gida gida aka rubuta kowa, babba da yaro. Dalilai uku aka bayar: ɗaukar soja, da rabon abinci bisa ƙa'ida, da tsaron ƙasa. Mutane ba su yi wani ƙorafi ba, domin wanda ba ya cikin rajista ba shi da rabon sukari ko nama. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma gwamnatin Leba ta Clement Attlee ba ta janye dokar ba. Kafin 1950 ayyukan da ake neman katin dominsu sun tashi daga uku sun kai 39. A nan ne, a ganina, gizo yake saƙar, domin ba wanda ya zauna ya shirya wannan yaɗuwa. Kowane ofis ne ya ga katin yana rage masa wahala, sai ya ɗora nasa buƙatun a kai.

Shari'ar Willcock da Muckle

A ranar 7 ga Disamba 1950 wani ɗan sanda mai suna Harold Muckle ya tsayar da wani mai mota a unguwar Finchley ta arewacin Landan. Mai motar shi ne Clarence Henry Willcock, mutumin Yorkshire, mai sana'ar wanki da guga, kuma tsohon ɗan jam'iyyar Libaral. Muckle ya nemi katin shaida, Willcock ya ƙi, ya ce shi ɗan Libaral ne, ba ya goyon bayan irin wannan abu. Sai ɗan sandan ya miƙa masa takardar umurnin ya kai katin caji ofis cikin kwana biyu, shi kuwa ya jefar da ita a gefen titi.

A kotun majistare hujjar Willcock ita ce, an kafa dokar ne saboda halin yaƙi, yaƙi kuwa ya wuce. Majistarorin suka same shi da laifi, amma suka sallame shi ba tare da wani horo ba game da katin, sai tarar sule 30 da suka ci shi saboda gudun wuce ƙima. Ya ɗaukaka ƙara. Saboda nauyin maganar, alƙalai bakwai ne suka zauna a Babbar Kotu, cikinsu har da Alƙalin Alƙalai, Lord Goddard, mutumin da aka san shi da tsanani, ba da sassauci ba. A Yuni 1951 kotun ta tabbatar cewa dokar tana nan da ranta, tunda ba a soke ta a hukumance ba, watau Willcock ya faɗi ke nan. Sai dai abin da Goddard ya biyo da shi ya fi hukuncin tasiri. Ya bambanta ikon da doka ta ba ɗan sanda da dacewar yin amfani da ikon a kowane hali. Neman kati wurin wanda ake zargi da satar mota daban, nemansa wurin duk wanda aka tsayar kan ƙaramin abu daban. Ya ce amfani da dokar yaƙi don abin da ba dominsa aka yi ta ba yakan mai da masu bin doka masu karya ta, ya kuma sa jama'a su tsani 'yan sanda maimakon su taimake su. Bugu da ƙari, kotun ta ƙi ɗora wa Willcock kuɗin shari'a.

Ya kamata a lura da cewa ba wanda ya zargi Muckle da cin zali ko neman na goro. Aikinsa ya yi yadda aka umurce shi. Tushen ƙin katin shi ne ya juya dangantakar talaka da hukuma. A al'adar shari'ar Ingila, hukuma ce ke da nauyin kawo dalili kafin ta tare mutum, kati kuwa ya sa mutum ne ke da nauyin tabbatar da kansa kafin ya wuce. (Kalmarmu ta "shaida" ma abin dubawa ce, domin asalinta mutum ne ke tsaya wa mutum ya ce ya san shi, kafin a wayi gari takarda ta karɓe wannan matsayi.)

Winston Churchill ya dawo mulki a Oktoba 1951, ranar 21 ga Fabrairu 1952 kuma Ministan Lafiya, Harry Crookshank, ya sanar da Majalisa cewa an daina katin. Ba ƙaunar 'yanci kaɗai ta jawo haka ba, har da neman tsimin kuɗi. Kuma rajistar ba ta mutu ɗungurungum ba, lambobinta aka ci gaba da amfani da su a hukumar lafiya ta ƙasa. Willcock ya rasu a Disamba 1952, yana tsakiyar muhawara a kulob ɗin 'yan Libaral da ke Landan.

Akwai wani abu da masu yabon wannan tarihi ba su cika ambata ba. A lokacin da Bature yake ganin neman kati a titin Landan cin mutunci ne, a Kenya, ƙarƙashin mulkin Ingila, an riga an shafe shekaru ana tilasta wa mazan Afirka riƙe kifande, takarda mai ɗauke da zanen yatsa da tarihin aikin mutum, wadda da farko a ƙaramin gwangwani ake rataya ta a wuya. 'Yancin da Goddard ya kare bai ƙetare teku ba.

Zagaye na biyu

Bayan harin da aka kai Amurka a Satumba 2001, gwamnatin Tony Blair ta farfaɗo da maganar, da hujjar yaƙi da ta'addanci da baƙin haure da sojan gona. Wannan karon ba katin ne abin tsoro ba, rumbun bayanai ne na kwamfuta, wanda zai tara abubuwa kusan 50 game da kowane mutum, har da zanen yatsu da tarihin duk lokacin da aka bincika sunansa. Ƙungiyar NO2ID, wadda aka kafa a 2004, ta haɗa 'yan hagu da 'yan mazan jiya wuri guda. Masana na Makarantar Tattalin Arziki ta Landan suka ƙiyasta a 2005 cewa shirin zai iya cin fam biliyan 10 zuwa 19, abin da ya fi lissafin gwamnati nesa ba kusa ba. Majalisar Dattawa ta yi ta mai da ƙudurin baya, duk da haka ya zama doka a 2006. An fara rabon katin a Manchester a 2009, amma waɗanda suka karɓa ba su wuce kimanin 15,000 ba. Gwamnatin gamin gambiza ta 2010 ta soke dokar, a Fabrairu 2011 kuma minista Damian Green ya taimaka da hannunsa wajen zuba faya-fayan rumbun guda 500 cikin injin niƙa.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2018 ta bayyana cewa mutanen da suka zo daga tsibiran Karibiyan tun suna yara, waɗanda ake kira zuriyar Windrush, sun rasa aiki da gida da magani, an ma kori wasu daga ƙasar, saboda sun kasa kawo takardar da za ta nuna halaccin zamansu, alhali kuwa halattattu ne. Ma'aikatar cikin gida ta riga ta lalata katunan saukarsu daga jirgi tun 2010. Ministar, Amber Rudd, ta yi murabus. Masu son kati suka ce da akwai shi da haka ba ta faru ba. Masu ƙinsa suka amsa cewa laifin na dokokin da suka sa mai gidan haya da mai ɗaukar ma'aikata suka koma masu tambayar takarda ne, watau an dawo da Muckle ba tare da an dawo da kati ba. Ni dai hujja ta biyu ta fi rinjaya ta, ko da yake ba ta share ta farkon ba. A Satumba 2025 Firayim Minista Keir Starmer ya sanar da shirin katin shaida na cikin waya, cikin 'yan kwanaki kuwa mutum fiye da miliyan 2 suka sa hannu a takardar koke ga Majalisa cewa ba su yarda ba.