Daga ɗakin bincike zuwa ramin Arlit

Ɗan uwa, a lakkol an koya mana cewa kimiyya ba ta da ɓangare, gaskiya kawai take nema. To amma tarihin uraniyom, wanda ke cikin ƙasarmu, ya nuna mana wani abu daban.

A Disamba 1938, a birnin Balin na Jamus, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano cewa ƙwayar zarrar uraniyom tana tsagewa. Su dai son sani ne ya kai su. Amma yaƙi na ƙofa. A Agusta 1939 Albert Einstein ya sa hannu a wasiƙar da Leo Szilard ya tsara zuwa ga shugaban Amurka Roosevelt, suna gargaɗin kada Hitler ya riga kowa yin bam. Tsoro ya sa gwamnati ta zuba kuɗi, aka tara masana, aka kawo uraniyom daga Kwango.

Ka lura da abin da ya biyo baya. Jamus ta miƙa wuya a Mayu 1945, dalilin farko ya kau, amma aiki bai tsaya ba. Szilard da wasu masana suka rubuta takardar roƙo kada a jefa bam kan Japan ba tare da an ba ta damar miƙa wuya ba. Ba a saurare su ba. Ran 6 ga Agusta aka jefa shi a Hiroshima, ran 9 a Nagasaki. Ilmin na masana ne, hukuncin na masu mulki.

A shekarar ce Janar de Gaulle ya kafa hukumar nukiliyar Faransa. A 1957 Faransawa masu binciken ƙasa suka gano uraniyom a Azelik, yankin Agadas. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya. A 1971 aka soma fitar da uraniyom a Arlit. Yau nukiliya ke ba Faransa fiye da rabin wutarta, mu kuwa ƙauyukanmu da yawa har yanzu da cocila ake karatun dare.

Wannan ba dalili ba ne na gudun kimiyya. Wanda bai san darajar dutsen gidansa ba, baƙo ne zai sa mishi farashi. Ka yi karatu, ka zurfafa. Amma duk binciken da aka kira ka, ka tambaya: wa ke biya, me yake nufi, wa zai ci amfani, wa zai shaƙi ƙura? Kuma ka fara da binciken taka niyyar.