Tauraron da ke amsa kowane suna

A ce wani matashi a Baure ya ƙudurci buɗe wa ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura shafukan labarai: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Aljihunsa ba zai ɗauki sayen sunan intanet biyar ba, kuma sabar da ya kama haya ta haɗaka ce, tamkar ɗaki guda a gidan haya. Mafitarsa alama ɗaya ce, tauraro (*), wanda tarihinsa ya girme shi.

Kafin 1983, sunayen kwamfutocin ARPANET duka suna cikin fayil ɗaya, HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar SRI ta Kalifoniya. Da kwamfutoci suka yawaita, rajista ɗaya ta gaza. A shekarar ce Paul Mockapetris ya tsara DNS, ya rarraba ikon suna hawa-hawa, kamar yadda sarauta ke gangarowa daga sarki zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa. Wanda ya mallaki suna, shi ke raɗa wa na ƙarƙashinsa. Takardar RFC 1034 ta 1987 ta fayyace aikin tauraro: duk sunan da ba a rubuta ba, a kai shi adireshi kaza.

Sauƙin bai zo shi kaɗai ba. A Satumban 2003 kamfanin VeriSign ya ɗora tauraro a kan .com da .net baki ɗaya, ya zama duk wanda ya nemi sunan da babu sai ya faɗa shafin kamfanin, Site Finder. Manhajojin tace saƙonnin banza, masu dogaro da amsar cewa suna ba ya nan, suka rikice. ICANN ta tilasta masa janyewa a farkon Oktoba.

Matashinmu ya gaji kayan aikin ne a Yunin 2010, lokacin da WordPress 3.0 ta ba da damar tafiyar da shafuka masu yawa daga girki ɗaya. Abu uku yake bukata: tauraro a DNS mai nuna adireshin sabarsa, ƙaramin suna * a cPanel mai nuna jakar WordPress, da takardar tsaro mai tauraro, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta tun Maris 2018. Ya fara tambayar mai sabar, domin ba kowa ke yarda ba.

Darasin 2003 yana nan: wanda ya kafa tauraro, shi zai amsa a kan kowane suna da ya ɓullo ƙarƙashinsa. Idan ya bar rajista a buɗe, gobe ɗan damfara zai buɗe shafi a inuwar sunansa, kuma mutanen Baure shi za su tuhuma.