Pansori: Waƙar Labari ta Ƙasar Koriya

Pansori fasaha ce ta rera dogon labari, wadda ta samo asali daga kudu maso yammacin Koriya wajen ƙarshen ƙarni na 17, zamanin daular Joseon. Mutum biyu ne ke yin ta. Mawaƙi yana tsaye da mafici a hannunsa, yana waƙa, yana magana, yana kwaikwayon kowane mutum na cikin labarin. Makaɗi kuwa yana zaune da ganga guda, yana jefa masa kalmomin ƙarfafa gwiwa, 'yan kallo su ma suna tayawa.

Da farko wasan talakawa ne a dandali da kasuwanni, cike da barkwanci da zambo. Da ta shiga gidajen masu sarauta a ƙarni na 19 sai ta sami daraja, amma ta yi hasara. Shin Jae-hyo (1812-1884), mutumin Gochang, ya rubuta labarai shida, ya gyara lafazinsu domin su dace da kunnen masu ilmi, ya kuma koyar da Jin Chae-seon, mace ta farko da ta shahara a wannan sana'a. A cikin labarai 12 da aka sani, biyar kaɗai suka rayu, mafi yawansu masu koyar da biyayya ga iyaye, da amanar aure, da zumunci. Cikin shidan da Shin ya rubuta, Byeongangsoe-ga mai batsa ta fita daga bakin mawaƙa. Ashe rubutu kaɗai ba ya raya waƙa, sai da mai saurare.

Mulkin mallakar Japan (1910-1945) da zuwan sinima sun janye masu sauraren. A 1964 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa pansori cikin kayan gadon ƙasa, ta ɗauki nauyin gwanayenta domin su koyar. A 1968 Park Dong-jin ya rera Heungbu-ga gaba ɗayanta cikin sa'a biyar. Fim ɗin Seopyeonje na 1993 ya komo da ita zukatan matasa, sa'an nan hukumar UNESCO ta karrama ta a 2003.

Kariyar hukuma ta ceci labaran biyar, amma ta ɗaure su a kan siffa guda, ta rage ƙagen da mawaƙi kan yi nan take gwargwadon taronsa. Masu sarauta sun tace ta, hukuma ta adana ta. Wanda ya ciyar da mawaƙi shi ke zaɓen waƙar da za ta kai ga jikoki.