Koyarwar Likitanci ta 'Yan Mishan da Tasirinta kan Likitocin Ƙasar Sin, 1835–1932

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna yadda koyarwar da 'yan mishan suka shirya domin samun mataimaka ta haifar da likitocin da suka tsaya da ƙafafunsu.

A shekarar 1835 wani Ba'amurke, likita kuma mai wa'azi, Peter Parker, ya buɗe asibitin ido a birnin Kanton. Nufinsa shi ne magani ya share wa wa'azi hanya. Da majinyata suka yi masa yawa, sai ya ɗauki samari yana koya musu aiki, har ɗayansu, Kwan Ato, ya ƙware wajen cire yanar ido. Magajinsa, John Kerr, ya mai da wannan almajirci makaranta sosai a 1866. Cikin malamanta akwai Wong Fun, Basinen da ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara. A nan kuma Sun Yat-sen ya soma nasa karatun a 1886, watau mutumin da ya zama shugaban riƙo na Jamhuriyar Sin a 1912.

Wajibi ne mu lura cewa Sinawa ba su rasa nasu magani ba, kuma sun zaɓi abin da za su ɗauka. Sun karɓi fiɗa da ilmin ƙirar jiki, musamman ta littafin da Benjamin Hobson ya wallafa da Sinanci a 1851, alhali kuwa kaɗan ne daga majinyatan suka shiga addinin baƙin.

Ban da haka, ƙungiyar likitocin mishan da aka kafa a 1886 ta kasance a hannun Turawa. Saboda haka a 1915 likitocin ƙasa suka kafa tasu, Yan Fuqing yana shugabanta na farko. Shi kansa makarantar mishan ta St. John da ke Shanghai ce ta yaye shi. A 1932 ƙungiyoyin biyu suka haɗe, ragama tana hannun Sinawa.

A ganinmu, ke nan, babban gadon 'yan mishan shi ne waɗannan almajirai, waɗanda suka karɓi ilmin suka kuma karɓe ikon gudanar da shi.