Cutar da Ta Riƙa Kwantar da Sojojin Suwizalan

A ƙarni na 17, matasan Suwizalan sukan sauko daga duwatsunsu su shiga aikin sojan haya a rundunonin Faransa da Italiya. An san su da jarumta. Amma akwai wata larura da ke bin su wadda ta ɗaure wa likitoci kai. Ƙato lafiyayye sai ya daina magana, ya ƙi abinci, barci ya ƙaurace masa, zazzaɓi ya biyo baya, ya yi ta ramewa har wani lokaci rai ya yi halinsa. Babu rauni a jikinsa, babu guba a cikinsa.

A 1688 wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Basel, Johannes Hofer, ya rubuta kundinsa a kan wannan ciwo. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida, ɗaya mai nufin raɗaɗi, ya raɗa masa suna nostalgia. Cikin marasa lafiyan da ya ba da labarinsu akwai wani saurayi ɗan Bern da ke karatu a Basel, wanda aka riga aka fid da rai da shi. Da aka yanke shawarar a mayar da shi gida, tun ana shirin tafiya ya fara samun sauƙi, kafin ya isa Bern ya warware. Hofer ya ce tunanin gida ne ke maimaituwa a hanya ɗaya cikin ƙwaƙwalwa har ya janye ƙarfin da sauran jiki ke buƙata.

Wasu ba su gamsu ba. Johann Jakob Scheuchzer na Zurich ya ɗora laifin a kan iska, ya ce mutumin tsauni in ya sauko kwari, nauyin iskar ƙasa yana danne masa jini. Wasu kuma suka tuhumi waƙar da makiyayan tsaunuka ke rerawa in suna kiran shanu. Masanin falsafa Rousseau ya rubuta cewa an hana kaɗa ta a cikin rundunonin, domin mai jin ta yakan fashe da kuka, ko ya gudu daga aiki.

Turanci ya karɓi kalmar da wannan ma'ana ta asibiti. A 1770 Joseph Banks, wanda ke cikin jirgin ruwan Kyaftin Cook, ya yi amfani da ita wajen bayyana halin matuƙan da suka daɗe a teku. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, likitocin rundunar Arewa sun rubuta sunan wannan cuta fiye da sau 5,000, kuma sun danganta mutuwar mutane da dama da ita. Akwai likitan da ya ba da shawarar a riƙa yi wa mai ciwon ba'a har ya ji kunya ya miƙe. Wannan shawara tana ɓata mini rai, domin da yawansu matasa ne da ba su saba zama nesa da gida ba.

To me ke kashe su? Bakin zaren yana hannun wani likitan Vienna, Leopold Auenbrugger. A littafinsa na 1761 ya bayyana abin da ya gani a gawarwakin waɗanda aka ce kewar gida ta kashe: huhu ya manne da bangon ƙirji, wani ɓangarensa ya taurare, da ruɓa a ciki. Likitan yau da ya karanta wannan, tarin fuka zai fara kawowa a ransa. Barikin soja na wancan zamani kuwa matattarar tarin fuka ne da atuni da zazzaɓi iri-iri. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, kuma da ilimin ƙwayoyin cuta ya kafu, aka mayar wa kowace mutuwa sanadinta.

Duk da haka ban yarda a ce Hofer shirme ya yi ba. Mutumin da baƙin ciki ya hana shi ci da barci na makonni, shi cuta ke fara kayarwa, kuma shi ne ba ya tashi. Ƙwayar cuta ta ƙarasa aikin, amma kewa ce ta buɗe mata ƙofa. Abin da Hofer ya gani a gadon ɗan Bern gaskiya ne, bayaninsa ne ya gaza.

Yadda ma'anar ta sauya kuma, masanin falsafa Kant ya hango shi tun 1798. Ya lura cewa 'yan Suwizalan da suka koma gida sukan tarar da ƙauyen bai kai yadda suke tunawa ba, saboda ƙuruciyarsu suke nema, ita kuwa ba ta can. Da jirgin ƙasa da gidan waya suka rage nisan garuruwa, wannan begen ƙuruciyar ne ya saura. Zuwa farkon ƙarni na 20, Turawan Ingila sun bar wa mai kewar gida wata kalmar dabam, wadda ita ma daga Jamusancin Suwizalan aka fassaro ta, suka mayar da ta Hofer sunan begen zamanin da ya wuce.