Tsohuwar Gardamar da Ta Sauka a Baraka

A 1842 Sarki Louis Dowe, wanda unguwarmu ta Louis ta ci sunansa, ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ba Faransawa fili a bakin ruwan Gabon. A shekarar ce kuma 'yan mishan Furotesta daga Amurka, ƙarƙashin John Leighton Wilson, suka yada zango a Baraka. Bayan shekara biyu Fada Bessieux ya iso ya kafa mishan ɗin Katolika. Bahaushe in ya ji Baraka sai ya tuna ɓaraka, kuma lallai akwai ta tsakanin baƙin nan, ta kai shekara ɗari uku.

Tushenta tambaya ɗaya ce: da me mai zunubi zai zama marar laifi a gaban Allah? Kiristocin Hausa suna kiran wannan barata. Martin Luther, malamin jami'ar Wittenberg a Jamus, ya ce da bangaskiya ne kawai. Hujjarsa wasiƙun Bulus zuwa ga Romawa da Galatiyawa, inda Bulus ya jawo Farawa 15:6 ya nuna an lasafta wa Ibrahim adalci saboda ya gaskata, tun ma kafin a yi masa kaciya. Da Luther ya fassara Romawa 3:28 zuwa Jamusanci a 1522, sai ya ƙara kalma mai ma'anar "kaɗai", wadda babu ita a Girkanci. Ya ce ma'anar ce ta buƙace ta.

Katolika suka ce a duba Yakubu 2:24, mai nuna bangaskiyar da babu aiki ba ta isa, kuma shi ma da Ibrahim ya kafa hujja. Taron Trent ya yi watsi da matsayin Luther a 1547. Ni a ganina, a matsayin mai aikin rediyo da ya san nauyin kalma guda a fassara, "kaɗai" ɗin nan ta fi kowace aya hura wutar.

Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, Cocin Katolika da Ƙungiyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a Augsburg cewa ceto alherin Allah ne, ayyukan kirki kuma 'ya'yansa ne. A 2017 ƙungiyar ta zaɓi Musa Panti Filibus, babban bishop na cocin Lutheran mai hedikwata a Numan ta jihar Adamawa, ya zama shugabanta.